Muryar Malam a Motocin Fika

'Yata ta biyu tana sayar da turaren wuta da humra ta intanet. Da na je mata wankan jego bara, na lura ba ta bin kowa da talla, amma masu saye ba sa yankewa. Na tambaye ta yadda take yi.

Ta ce, "Mama, shafin nawa ne yake tura labari da kansa. Mutum sau ɗaya zai nuna yana so. Daga nan duk sabon kayan da na sa, labarin zai same shi inda yake. Wasu shafukan ma ɗauka suke su nuna wa nasu mutanen. Wanda ya gaji kuma sai ya cire kansa."

Ta faɗi sunan abin, wasu haruffan Turanci da ban riƙe ba. Ta zaci ban gane ba ne. Na gane sarai. Ita ce ba ta yi wayo ba a lokacin da mahaifinta yake irin wannan aikin da kaset.

Mijina, wanda ni da kowa muke kira Malam, yana da shagon maganin dabbobi a kusa da kara a Potiskum. Yana sayar da ƙwayar tsutsa, da maganin kaska, da kanwa, da manda, da dusa in ta samu. Iyayensa daga Kano suka zo fatauci suka zauna, shi kuma a nan aka haife shi. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, muna da yara ƙanana, kuma ƙaninsa yana zaune da mu yana taya shi tsaron shago.

Damuwar Malam ita ce yawancin masu sayen kayansa ba a gari suke ba. Makiyayi zai taso daga ruga, ya bar garke, ya shigo mota ranar kasuwa, ya tarar maganin da ya zo nema bai iso daga Kano ba. Wani kuma maganin yana nan har ya ƙare bai ji labari ba. Malam ya kan dawo gida da wannan a ransa. Ba jimawa da aka ba mu jihar Yobe, wata rana ya dawo daga Kano da rikoda mai gida biyu, irin wadda ake kwafe kaset da ita. Na zaci don wa'azi ya saya.

Ya ce, "Magana zan riƙa yi a ciki. Direbobi su saka wa fasinja."

Na ce, "Malam, wa zai bar waƙa ya saurari labarin ƙwayar tsutsa?"

Ya ce, "Mai tunkiya."

Haka aka fara. Duk ranar Litinin bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in kwashe yara mu shige ɗaki, ya danna rikoda. Zai yi sallama, ya gaishe da mutane da gajiya, ya tambayi lafiyar dabbobi kamar suna gabansa. Sannan ya faɗi abin da ya iso shago da abin da ya ƙare, da wanda ake sa rai. Ya kan ƙara da abin da ya ji a kara: inda ciwon baki da kofato ya ɓulla, ko rijiyar da ta ƙafe a wata hanya. Muryarsa ba mai ƙarfi ba ce, amma a natse take, ba ya gaggawa. In ya gama, maƙwabcinmu, wani dattijo Bafulatani mai sayar da igiya, ya maimaita muhimman abubuwan da Fulatanci. Kaset ɗin da zai bi hanyar Fika kuwa, Malam da kansa yake buɗe shi da gaisuwar Bolanci, yaren mutanen can. Bolancin nasa karyayye ne, an ce fasinjoji dariya suke yi, amma suna saurare.

Kwafewa aikina ce. In akwai wuta alhamdu lillahi, in babu sai mu jona da batirin mota. Da safe ƙanin Malam ya kai tasha. Kaset ɗin makon jiya ya dawo, in ɗora sabon labari a kansa.

Da farko direbobi kaɗan ne suka karɓa, su ma don kunyar Malam. Daga baya wani mai shayi a Damagum ya aiko a riƙa ba shi nasa, domin ranar da ya saka, makiyaya sun cika masa benci. Sai wani mai aski a Mamudo, sai mai shayi a bakin tashar Fika. Har muka ji wasu suna kwafe namu su ba na gaba da su, zuwa ƙauyukan da Malam bai taɓa takawa ba. Bai hana ba. Abu biyu kawai ya tsaya a kai. Ba ya tura wa wanda bai nema ba, ya ce maganar da aka cusa wa mutum hayaniya ce. Kuma ba ya cewa abu ya iso sai ya gan shi da idonsa a kan kanta.

Shago ya buɗe. Mutane suna shigowa su ce, "Mun ji a mota." Wasu ma ba su san fuskarsa ba, sai ya yi magana su ce, "A'a, ai kai ne!"

Wata damina, lokacin da ake tsananin wahalar man fetur, ƙwayar tsutsar da aka saba da ita ta yanke a Kano. Damina kuwa ita ce lokacin da tumaki suka fi bukata. Sai wani baƙon ɗan kasuwa ya zo da kwalaye, kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, hoton rago iri ɗaya. Malam ya duba, bai ga abin zargi ba, ya saya. Ranar Litinin ya faɗa a kaset da farin ciki cewa abin da ake jira ya iso. Ni na kwafe da hannuna. Ranar kasuwa aka yi ta saye.

Kafin mako ya zagayo, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Wani tsoho ne daga wata ruga bayan Damagum, da sandarsa da malafarsa, ƙafafunsa duk taɓo. Ina bayan ƙofar zaure da kwanon ruwan da zan miƙa, na ji komai. Ya ce ya ba tumakinsa maganin, cikinsu ya kumbura, suna ta faɗuwa. Bai ɗaga murya ba. Hausarsa ma da kyar take fita.

Ya ce, "Ni ban san shago ba. Ban san kwali ba. Muryarka na sani. Kai ka ce mai kyau ne."

Malam ya ba shi haƙuri, ya sallame shi. Da ya shigo gida na ga fuskarsa ta canja kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ɗauki kwali ɗaya ya tafi wurin wani likitan dabbobi da suka saba. Likitan ya farfasa ƙwayar, ya gwada ta da ta asali da ta rage masa, ya ce jabu ce, kada a kuskura a ƙara ba dabba. Baƙon ɗan kasuwar kuwa an neme shi an rasa.

Ƙanin Malam ya ba da shawara a tsakar gida, ina jin su. Ya ce, "Yaya, a kwashe daga kanta a ƙone, a yi shiru. Wanda ya zo da ƙorafi a lallashe shi. In ka faɗa a kaset, ka kashe shagon nan da bakinka."

Ba mugun mutum ba ne. Tsoro ne ya kama shi, kuma ni ma a zuciyata na karkata wajensa, don ina kallon yaranmu.

Malam ya ce, "Akwai wanda ya saya bai bayar ba tukuna. Yana can ya ajiye a cikin buta yana jiran safiya. Shi wa zai gaya masa?"

Ya juyo ya ce mini, "Ɗauko rikodar."

Ranar ba Litinin ba ce. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Jama'a, ni ne na ce muku ku zo ku sayi ƙwayar tsutsa mai hoton rago. Jabu ce. Don Allah kada wanda ya ba dabbarsa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. A dawo mini da ita." Ya maimaita har sau uku. Maƙwabcinmu ya faɗa da Fulatanci.

Na kwafe saƙon a kan duk kaset ɗin da ke gidan, har da na karatun da nake saurare in ina girki. Amma motoci suna kan layin mai, kaɗan ne suke fita. Malam ya ari babur, ya sayi man bumburutu a galan, ya ɗaure kaset ɗin a leda saboda ruwa. Ya fara da Mamudo, ya zarce Damagum, washegari ya kama hanyar Fika. Ruwa ya dake shi a hanya. Ya gaya mini a Fika ya zauna a bencin mai shayi, aka saka kaset ɗin, yana jin kansa yana faɗin laifinsa, mutane suna kallonsa.

Da yawa sun dawo da maganin ba su buɗe ba. Wasu kuma labarin bai riske su da wuri ba. Ina da tumaki da nake kiwo a bayan ɗaki tun aurenmu, da su nake sa ran yi wa 'yan matana kayan ɗaki wata rana. Malam ya zo ya tsaya a kansu, na gane abin da yake so. Na ce, "Kwance su." Ya raba wa waɗanda asararsu ta fi yawa, har da tsohon nan. Na bayar da yardata, amma na yi kuka a madafa, kuma na daɗe ban iya kallon turakun ba.

Ƙaninsa bai yi ƙarya ba. Shago ya yi sanyi. Mai askin Mamudo ya aiko a daina kai masa, ya ce ana yi masa ba'a. Wasu direbobin suna karɓa su jefa a aljihun mota. Malam bai fasa zaman Litinin ba, ko da abin da zai faɗa bai wuce kanwa da manda ba. Sai bayan kaka mutane suka fara dawowa da ɗaiɗai da ɗaiɗai. Ba duka suka dawo ba. Tsohon Damagum ya karɓi tumakin, ya yi godiya, amma bai sake taka shagon ba.

Bayan shekara biyu ko uku muryar Malam ta fara dishewa. Muka ce mura ce, muka yi ta zuma da citta da kanumfari. Ba ta washe ba. Ni na fi kowa sanin yadda take raguwa, don ni nake kwafewa, kuma kullum sai na ƙara murɗa ƙarar. Daga baya haɗiyar tuwo ta gagara, sai kunu. Aka kai shi asibiti a Maiduguri, likitoci suka ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, kuma an makara.

Da ya dawo gida ya sa ƙaninsa ya riƙa yin maganar. Shi yana kwance a gefe a kan tabarma, in ƙanin ya zarce da yabon kaya sai ya ɗaga hannu, a tsayar a sake. Wata Litinin ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Ki ce masa ya gaishe su tukuna. Yana fara musu da kaya."

Ya rasu da bazara, ana gab da shiga sabon ƙarni. Sanarwar rasuwar ma a kaset aka yi ta, direbobi suka kai. An zo gaisuwa daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba. Mata Fulani da Karekare suka cika mini ɗaki, wasu ba mu jin yaren juna, sai dai su riƙe hannuna. Sai da na fita takaba na nemi kaset ɗaya mai muryarsa in ajiye wa yara. Babu. Duk na ɗora wata magana a kansu, mako bayan mako, da hannuna.

Ƙaninsa ya riƙe shagon da amana, ya kuma riƙe mu. Kaset ɗin ne bai daɗe ba. Ya ce in ya zauna gaban rikodar sai ya ji kamar ya sa rigar da ba tasa ba. Ban matsa masa ba.

A shekarar aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Mamudo, kullum sai na shiga mota da safe. Direban da na fi samu yana cikin waɗanda suka fara karɓar kaset ɗin Malam. Na lura duk ranar da na shiga, sai ya kai hannu ya kashe rikodarsa, mu tafi shiru, fasinjoji ma su rage hira. Aka yi makonni a haka. Wata safiya, mun wuce gonakin gero na bakin gari, na ce masa, "Malam direba, saka mana wani abu mana."

Ya kalle ni ta madubi. Ya ce, "Hajiya, ba komai?"

Na ce, "Ba komai. Hanyar ta yi shiru da yawa."

Ya laluba aljihun mota ya zaro wani kaset ya saka. Kiɗan garaya ne. Wata mata a gefena ta gyara wa ɗanta zama, ta fara ba ni labarin tsadar wake, muka ci gaba da tafiya.