Ki Bar Wa Teku Ƙofa

Jiya jikata ta jiƙa ganyen dabino za ta yi aikin hannu na makaranta. Ƙamshin ya iske ni a madafa, sai na ajiye ludayi na zauna. Ƙamshin tsakar gidanmu ne na Makka, tun ina 'yar shekara bakwai, lokacin da raƙuma suka fi motoci yawa.

Duk shekara, da alhazai sun sauko daga Mina, kakata takan jiƙa ganyen dabino ta saƙa 'yan gajerun shingaye, tsayinsu bai wuce gwiwa ba. Kada ka ɗauka na gidanmu ne. A hanyarsu ta zuwa daga Sudan, ita da kakana, jirgin ruwansu ya tsaya a wani siririn tsibirin yashi cikin Bahar Maliya. A nan ɗanta na fari ya rasu yana goye, a nan aka rufe shi. Teku kuwa kullum gutsurar tsibirin take yi. Kakana ya so ya jera duwatsu kewaye da kabarin, matan masunta suka hana shi, suka ce ruwa zai haƙe ƙarƙashinsu ya tafi da komai. Shingen ganye suka kafa, suka dasa ciyawar gaɓa a bayansa.

To, ganye ba ya wuce shekara bai ruɓe ba. Shi ya sa take saƙa sabo, ta ba wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ke zuwa daga Jidda ya kai.

Shekarar da idonta ya yi rauni na ce zan taya ta. Na matse saƙar tam, ko allura ba za ta ratsa ba, na kai mata ina jiran yabo. Ta shafa da tafin hannu, ta yi dariya.

"Ke 'yar nan, faifai na ce ki yi mini? Warware."

Na fashe da kuka. "Kaka, ai don kada ruwa ya taɓa kabarin ne."

"Ya binti, 'yata, wa ya isa ya tare teku? Ki bar mata ƙofa. Ta shigo a hankali, ta sauke yashin da ta ɗauko, ta koma. In kin toshe, ture shingen za ta yi."

Muka warware tare, ta riƙa sa yatsana a tsakanin ganyen tana auna mini faɗin ƙofar.

Da shekara ta kewayo, matuƙin ya yi sallama a bakin ƙofa, ya miƙo ɗan damin ciyawa mai warin gishiri. Ya ce, "Hajiya, wurin ya zama tudu. Ya kawo mini ƙugu." Kaka ta kifa fuskarta cikin ciyawar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Yanzu in 'ya'yana suka kai ni Jidda, siminti nake gani a bakin teku. Kaka ta rasu, matuƙin ma haka, ni kuma ban taɓa tambayar sunan tsibirin ba. Addu'ata ita ce ciyawar ta riƙe amanar.

Da na duba saƙar jikata, na tarar ta matse ta tam. Na ce ta matso kusa, ta ba ni yatsanta.