Yadda Baba Ya Zama Gwanin Kurket

Baba bai san kurket ba, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunta da sanda. Ko ƙwallon ƙafa ma sai an nuna masa ragar da ake ci. Amma shekara guda cur Indiyawan gininmu a unguwar Aziziyya, can ƙasar Larabawa, suna kiransa gwani, kuma ni na jawo.

Maƙwabcinmu na sama Ba'indiye ne, tare suke aiki da Baba a kantin magani. Muna ce masa Ammu, matarsa kuma Anti. Shi ya fara kafa dish a ginin, saboda haka duk ranar da Indiya ke wasa falonsa kan cika da maza har iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta rasa hanyar wucewa. Baba ake ba kujerar tsakiya, don shi baƙo ne kuma namiji. Ni ina 'yar shekara sha biyu, aikina kai shayi.

A kicin na koyi wasan. Anti ta kafa cokula uku a cikin tukunyar shinkafa, ta ce su ne sandunan da mai bugu yake karewa. Ta ba ni muciya, ta riƙa jifana da lemon tsami. Larabcinta gurgu, nawa na titi, amma cikin wata biyu na san dokokin fiye da darasin nahawu. Ita kuwa ko kallo ba ta buƙata. Daga ƙarar sanda kawai sai ta ce, "Wannan za a cafe." Kafin ta rufe baki mun ji maza suna salati.

Wata rana ina tsaye bayan kujerar Baba da faranti, na yi gunaguni da Hausa: "Mai jifan nan ya gaji, a canza shi mana." Baba ya maimaita da Larabci, don dai kada a ce bai ce komai ba. Minti biyu aka canza mutumin. Falo ya ɗauka: "Daktur fi ma'alum!" Wato likita ya sani. Wani har ya sumbaci kansa. Daga ranar ni ke raɗawa, Baba na shan yabo yana shafa gemu kamar a filin aka haife shi. Indiyawa sun ɗauka tambayarsa nake ko a ƙara madara.

Sai wata Juma'a bayan La'asar na manta kaina, na faɗi ra'ayina da Larabci, da ƙarfi. Ammu ya yi dariya har tumbinsa ya ture kofi.

"Bint mafi ma'alum kurket," ya ce. Yarinya ba ta san kurket ba. Wai mata 'yan wasa masu kyan gashi kawai suke kallo. "Je ki kawo sukari."

Na dubi Baba. Murmushi yake yi! Na kawo sukarin, na koma bayansa, na ɗinke bakina.

Allah ya ji kukana. Ƙwallo ta bugi ƙafar mai bugun abokan hamayya dab da sanduna. Falo ya miƙe yana ihu a fitar da shi, alƙalin wasa ya ƙi ɗaga yatsan fitarwa. Wani ya ce an saye shi, wani ya ce makaho ne tun daga kakansa. Sai duk suka juyo.

"Daktur, me ya sa?"

Baba ya yi tari. Ya kurɓi shayin da ya ƙare tuntuni. Ya ce da Hausa ta cikin haƙora, "Uwata, me ya faru?"

"Bint mafi ma'alum, Baba."

"Ke, ba na son shashanci. Zan saya miki kek ɗin basbusa."

"Na ƙoshi."

"To me kike so?"

"Kujera. Kuma da bakina zan faɗa."

Ido goma sha takwas a kansa. Na ƙirga, har da na mai gilashi. Gumi ya karyo masa a gaban mukayyif. Can ya miƙe, ya kaɗe jallabiya, ya ce da Larabci, "Jama'a, ni ko sandunan nan ban san amfaninsu ba. Ga malamata."

Na zauna. Kujerar da ɗumi. Na ce ƙwallon ta fara dira a waje da layin sanduna, ta bayan ƙafafun mai bugu, kuma in ta dira a nan doka ba ta fitar da mutum ko da ƙafarsa ta tare hanya. Talabijin ta maimaita a hankali. Daidai wurin ta dira.

"Wa ya koya miki?" in ji Ammu.

"Wadda ta dafa shayin da kake sha."

Daga kicin Anti ta jefo wata doguwar magana da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma maza biyu sun sunkuyar da kai, ɗaya ya shaƙe da dariya.

Ammu bai saduda ba. Ya gyara zama ya fara yi mini jarrabawa: jifa nawa ne a zagaye ɗaya, 'yan wasa nawa a fili, yaushe ake ba da maki shida. Na amsa uku. Da ya buɗe baki zai yi ta huɗu na ɗaga masa yatsa irin na alƙalin wasa.

"Ammu, shekara guda Baba yana kan kujerar nan. Tambaya nawa ka yi masa?"

Baba, daga inda ya rakuɓe a kan kafet, ya ce, "Ko ɗaya, wallahi."

"To a matsa mini," na ce, "ana jifa."