Matar da Ta Riga Ta Karanta Littafin

Tana gabana a layin karɓar katin shaida, doguwa, gilashinta ɗaure da zare. Kusan awa guda ma'aikacin ya shanya mu, ya ƙura wa talabijin ido yana kallon wasan da aka ɗauko daga littafi. Ina zaton tsohuwar malamar makaranta ce, don hararar da take masa ta sa ni kaina na nutsu.

Ta matsa gaban teburinsa.

"Ɗana, ka gama?"

"Mama, haƙuri, yanzu za a gano wanda ya sa gubar."

"Direban ne. Jarumin naka kuma mutuwa zai yi. Na karanta tun kana tsumma."

Ya kashe talabijin kamar an yi masa rasuwa, ya karɓi takardarta.

Na leƙa jakarta. Littafi na biyu na ciki. Allah ya sa gobe ma'aikacin ya sake shanya mu.