Akushin Yaya Hajo

Damina biyar ke nan da Allah ya karɓi ran yayata, Hajo ta Balan. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka duk wanda maganar ta yi wa zafi ya nemo ni a Ajingi.

A gidanmu an raine mu da bambanci guda: baƙo kai masa ake yi, a akushi, a rufe da faifai, mai bara kuwa shi ke zuwa ƙofa a juye masa. Lokacin da rikici ya koro mutane daga kudu, gab da yaƙin basasa, rediyon zauren mai unguwa kullum cewa yake "'yan'uwanmu sun dawo gida". Wasunsu ko Hausa ba sa ji sosai. Duk da haka akusa sai da suka rasa wurin ajiya a zauren nan.

Shekarar fari kuwa, da Buzaye suka gangaro dabbobinsu sun ƙare, rediyon nan dai ya ce "baƙin haure na kwararowa". Kwararowa, sai ka ce ambaliya. Ba mu ga an hana kowa komai ba, amma babu matar da ta ɗauko faifai. Muka zauna muna jira su zo ƙofa.

Akwai wata, Tamu, da ta sauka gindin tsamiya da 'yarta mai shan nono. Matar da ta saba ba wasu madara ba ta san miƙa ƙwarya ba. Ta zauna tana jiran a kai mata, mu muna cewa girman kai ne, nononta na ƙafewa.

Yaya Hajo ce ta leƙo daga Balan ta gani. Ta ce da matan unguwa, "Ku rediyo ne ya haife ku? Ko shi zai amsa muku tambayar kabari?" Wata ta ce, "Haba Yaya, ai an ce ba 'yan ƙasa ba ne." Yaya ta ce, "Yunwar ma katin ƙasa gare ta?"

Ta kwashe tuwon dawa a akushinta, ta rufe, ta durƙusa gaban Tamu ta yi mata sannu da zuwa. Tamu ta ci. Yarinyar kuwa ba ta kai Juma'a ba. Likkafani kam mun yi rige-rigen kawowa, ihu bayan hari.

Yau ga mutanen Chadi yaƙi ya koro su, ina jin rediyo yana laluben sunan da zai sa musu. Da Yaya na nan, da ta ce a rage masa murya a ɗora tukunya.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Akushin nan ne gadona. Ya tsage a gefe, ni kuwa har yau ba na iya cin tuwo a cikinsa. Sai dai in zuba, in rufe shi da faifai in fita in kai wa baƙi. Allah ya jiƙan Hajo, mu kuma ya yafe mana.