Ranar da Makanike Ya Ƙi Shiga Motata

Tsohuwar motata mai turbo, na'urar hura wa inji iska, ta gaji, ni kuma ba ni da halin sauya inji. Makanikena a Gaya ya ce akwai dabara mai araha ta ƙara mata gudu. Ya toshe wani siririn tiyo, ya ɗaure wani ƙarfe da waya, wai iska za ta ƙara shiga injin.

Kullum shi yake gwada mota bayan gyara. Ran nan sai ya miƙo mini makulli, ya ja da baya.

Na kama hanyar Ajingi. Na taka totur, ta yi kamar ba ta ji ba, can sai ta yi fito ta fizge ni. Wajen Toranke ga wata tsohuwa a sunkuye, tana juya shanyar gyaɗa a bakin kwalta. Na taka birki, motar ba ta saurare ni ba. Ina salati na gifta ta, har iska ta ɗaga mayafinta.

Na dawo a giya ta biyu. Na hau makaniken da faɗa, me ya hana shi shiga?

Ya ce, "Malam, gudu ka ce in ƙara mata. Birkin na da ne."