Akwatin Ashafa

Shekara guda bayan samun mulkin kai aka turo Ashafa garin Makarfi a matsayin duba-gari. Ɗan Gubuchi ne, siriri, mai sanyin murya, ga wandon kaki da ya yi masa yawa. A lokacin, da an ce ga duba-gari nan, mata sai su hau ɓoye randuna, mahauta su rufe nama da ganye. Shi kuwa Ashafa in ya leƙa randa ya ga tsutsa, ba ya saurin fito da littafi. Zama yake yi, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya ce a kawo masa toka da soso, ya wanke ta farko da hannunsa.

Aikinsa rijiyoyi ne da mahauta da masai. Babu wanda ya aike shi wurin masu mazarƙwaila. Amma kowace kaka sai an kawo wani ɗakin shan magani injin matse rake ya cinye masa yatsu, shi kuma abin ya tsaya masa a rai.

Wata Laraba ya hau kekensa ya tafi fadama, inda Alhaji Maiwada, kawun matarsa Hajo, yake da inji. Doki yana zagaye yana juya ƙarafan, ruwan rake yana tafasa a kasko. Wani dattijo, Sa'idu, yana tura rake a bakin injin, hannun rigarsa yana reto dab da ƙarfe.

Ashafa ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya ce, "Kawu, ina roƙon arziki. A tsai da dokin nan, a yi wa bakin injin murfi."

Alhaji Maiwada ya yi dariya. "Kai da aka ba ka masai ka duba, me ya kawo ka gonata? Shekara shida Sa'idu yana wannan aiki, ga yatsunsa goma."

Ba a musu da suruki, don haka Ashafa ya miƙe. Ya je inda ya jingine keke, ya kwanto mayafin da Hajo ta saƙa masa, ya miƙa gefensa kusa da ƙarfen. Injin ya cafke. Ashafa ya yi ihu a tsai da doki, amma kafin dokin ya tsaya ya ƙara taku uku, mayafin ya shige har rabi, ya fito ta baya a dagargaje.

Sa'idu ya dubi hannun rigarsa, ya naɗe shi har kafaɗa.

Hajo ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ga mayafi ya tafi, ga kawunta an ba shi kunya a gaban ma'aikatansa. Ashafa ya ba ta haƙuri, ya wuce wurin kafinta. Suka ƙera akwatin katako mai ƙaramar kafa, rake yana shiga, hannu ba ya shiga. Na farko ya tsage, na biyu ya toshe. Na uku ya ɗaura a keke ya kai fadama da kansa.

Alhaji ya juya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Katakon banza ne. Sa'idu, ɗaura mu gani." Tun daga ranar bai bari an cire ba.

Kafin kaka ta sake zagayowa, masu inji har daga Hunkuyi suna zuwa wurin kafintan, su ce a yi musu akwatin Ashafa. Daga ofis a Zariya aka rubuto ana tambayarsa wa ya ba shi izinin shiga gonaki. Ya rubuta amsa shafi biyu, ya lissafa sunayen waɗanda suka rasa yatsu, ƙauye ƙauye. Ba a yaba masa ba, ba a kuma hana shi ba.

Ya yi shekara ashirin da huɗu yana aikin, bai taɓa samun babban muƙami ba. Da ya yi ritaya ya koma Gubuchi yana noman barkono, jikokinsa suna ƙorafin ba ya barin kowa ya ci tuwo sai ya ga tafin hannunsa.