Baba Gwaji da Birkin Yayana

Kafin masu sayar da wayoyi su ɗage ƙofofinsu, Baba Gwaji ya riga ya share 'yar rumfarsa da ke ƙarƙashin matakalar bene. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Teburi ɗaya ne da benci, da tsohuwar talabijin mai tozo, sai kantoci cike da na'urorin gem, wato wasan da ake jonawa a talabijin, wasu sababbi fil a kwali, wasu kuwa sun girmi masu zuwa sayensu. Yakan goge tabaransa da bakin riga, ya jona ƙarfen narka dalma ya bar shi ya yi zafi, sannan ya ɗauki faifan gem ɗin da aka bar masa jiya ya bi shi da auduga a hankali. Shayinsa kullum sai ya huce yake tunawa da shi.

Sunan nan ba na yanka ba ne, halinsa ne ya jawo masa. Idan ka zo sayen na'ura, ba ya tambayar wacce kake so. Cewa yake, "Me kake da shi a gida?" Dalilinsa shi ne ba kowace na'ura ke karɓar kowane faifai ba. Sababbin da yawa ba sa kula tsofaffin faifai, waɗanda aka shigo da su daga waje kuma akwai 'yar alama a bayan kwalinsu mai nuna yankin duniyar da aka yi su dominsa, na'urar wani yankin tofar da su take yi. Don haka sai ya ce, "Je ka kwaso su mu gwada. Ba na cinikin biri a sama, kuma ba na so a yi shi da ni." Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya rantse mini cewa tun da yake bai taɓa ganin ɗan kasuwar da ke raka mai saye shagon wani ba sai Baba, in dai can abin da ya dace da mutumin yake.

Na san akwai masu taɓe baki yanzu, wai an rasa wanda za a jinjina wa sai mai kayan wasan yara. Su ɗan yi haƙuri su ji abin da ya faru a gidanmu.

Yayana direban babbar mota ne mai shiga ƙasa-ƙasa. Duk inda ya sauke kaya sai ya sayo faifan gem na tuƙi, har matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da zai dawo daga tuƙi ya zauna yana tuƙi ba. Rana ɗaya hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya juya fuskarsa bango. Harshensa ya yi nauyi, shi kuma ya ƙara masa da shiru. Ma'aikaciyar da ke zuwa koya masa motsa gaɓoɓi ta yi lallashi har ta gaji. Ta ja mu gefe ta ce in bai fara motsa hannun nan ba, zai sandare ke nan har abada.

Anti ce ta tuna da gem ɗinsa. Ta kinkimo na'urar ta jona a soket, sai muka ji ƙara, hayaƙi ya biyo baya. Ashe na'urar ta waje ce, wutarmu ta fi ƙarfinta, kuma wani baƙin akwati mai nauyi da Anti ta kai ɗakin shirgi lokacin da ake gyara wa Yaya wurin kwanciya, shi ne taransifomar da ke rage mata wuta. Yaya ya waiwayo ya dubi hayaƙin, ya mayar da kansa bango. Na tarar da ita a kicin tana kuka tana cewa, "Abu ɗaya da ya rage masa, ni na ƙona shi da hannuna."

Washegari muka nufi kasuwa, mai gadin benen ya nuna mana ƙarƙashin matakala. Anti ko zama ba ta yi ba ta nuna kwalin da ya fi kowanne girma.

"Baba, wannan za ka ba ni. Wadda ta fi kowacce."

"'Yata, ta fi kowacce a wajen me? Me kuke da shi a gida?"

"Faifai ne cike da jaka. Baba, sauri nake yi."

"To ai saurin ne zai sa ki dawo gobe kina zagina a zuci. Aiki ƙanwar nan taki ta kwaso su."

Na ce, "Ƙanwar miji ce, Baba, ba ta isa ta aike ni ba." Shi ne karo na farko da Anti ta yi dariya tun kwanciyar Yaya, ni kuwa na tafi na kwaso jakar.

Ya juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana kai su kusa da ido. Faifan duk tsofaffi ne, kuma daga yankuna daban-daban. Ya sa ɗaya a babbar na'urar nan don Anti ta gani da idonta, ta ƙi shi. Sai ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da wata mai ƙujewar gefe, wadda ke karɓar na nan da na can, kuma wutarmu take sha kai tsaye. "Da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi. Bai bar faifai ko ɗaya bai gwada ba, mu kuwa har ƙafafunmu suka yi tsami a kan benci.

Sai da ya gama ya tambayi labarin mai gem ɗin. Anti ta faɗa masa komai. Ya ɗauki fad yana juyawa a hannunsa, wato abin da ake riƙewa ana dannawa.

"Babban yatsansa na dama yana motsi?"

"Kaɗan. In ya yi fushi."

"Madalla. Ku bar mini wannan."

Da kansa ya kawo kayan gida ya haɗa, ya gaida Yaya bai damu da rashin amsa ba. Ya mayar da madannan fad ɗin duka ɓangaren hagu, ban da guda ɗaya. Kafin ya tafi ya raɗa wa Anti cewa kada ta ba Yaya fad ɗin, ta zauna kusa da gadon ta tuƙa da kanta. Anti kuwa ko keke ba ta iya ba. Ta afka rami, ta daki turken fitila, ta koma da baya ta sake dukansa. A kwana na farko Yaya tsaki kawai ya yi. Ba a daɗe ba muka ji muryarsa can ƙasa: "Ba ni nan."

Ya tuƙa da hagu lafiya lau har ya zo kwana, motar ta wuntsila. Ya sake, ta sake wuntsilawa. Ya duba fad ɗin, sannan ya faɗi magana mafi tsawo da muka ji daga bakinsa tun da ya kwanta: "Wane makanikin ne ya sa birki a dama?" Direba ne, ba zai yarda mota ta faɗi a hannunsa ba. Muna kallo ya ciji leɓe, ya jawo hannun daman da hagunsa ya ɗora a kan madannin, gumi na zuba. Makon bai ƙare ba ya ce a kira masa ma'aikaciyar nan, yana son yatsan ya ƙara ƙarfi. Da na tambayi Baba daga baya dalilin barin birkin a dama, cewa ya yi waya ce ba ta kai ba, yana murmushi.

Baba Gwaji, kai ne ka ƙi sayar mana da abin da muka nuna, ka ba mu abin da muke bukata. Kai ne ka tsaya ka tambayi yatsan mutumin da ba ka taɓa gani ba. Mai haƙurin gwaji, mai duba bayan kwali. Yanzu idanunka sun gaji, dalma ta daina zama inda ka nufa, ka ce za ka rufe rumfa a ƙarshen watan nan. Raina bai so ba, amma hutun naka ne, ka ci shi da guminka. Masu shaguna da masu gyara, ku ɗauki wannan ɗabi'a tun mai ita yana raye: kafin ku miƙa kaya, ku tambayi mutum abin da ya bari a gida.

Jiya Yaya ya ce a kai shi kasuwa ya yi wa Baba sallama. Tun da ya tashi, da hagu yake gaisawa da mutane yana sunkuyar da kai don kunya. A gaban rumfar ya miƙa mini sandarsa, ya fara ɗaga hannun daman. Hannun na hawa kaɗan-kaɗan. Na yunƙura zan tallafa masa, Baba ya girgiza mini kai. Bai matso ba, bai kuma kai nasa hannun ya taro shi ba, ya tsaya da tafinsa a buɗe yana jira, har na Yaya ya iso da kansa. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri.